Gemun Auduga

Kyamarata ba ta da fitila, ni kuma ba ni da haƙuri da masu ƙamewa gabanta kamar an kira su gaban alƙali. Na fi son in kama mutum bai shirya ba. Shi ya sa duk azumi, da an shiga tashe, nake rataya ta in tsaya a ƙofar masaƙarmu ta Sharaɗa.

Ma'aikata ba sa jiran dare kamar yaran cikin gari, don da an sha ruwa wasu za su koma bakin inji. Da la'asar sakaliya suke cika titi, lokacin da rana ta yi laushi. Namu sukan yi shiga da ƙyallayen da aka zubar. 'Yan majemar Chalawa su zo da guntayen fata, wai su kuraye ne, warinsu ya riga su isowa.

Gwanin kowa shi ne abokin aikina, wani siririn mutumin Damagaram mai yawan dariya. Tsoho yake yi. Audugar da yake sharewa a ƙarƙashin inji ita yake liƙawa da ƙaro ta zama gemu, ya shafa toka a fuska, ya yi doro da tsumma, ya dogara sanda yana tari. Tarin nan shi ke kashe mu da dariya. Har cewa muke babu wanda ya iya tarin ƙarya kamarsa.

Bai taɓa bari na ɗauke shi da fuskarsa ba. Mahaifinsa malami ne, ya yi masa kashedi da hoto, shi kuma ba ya tsallake magana. Na yi lallashi, na yi zagi, duk a banza. Amma ran nan yana cikin shigarsa ya hango ni ina leƙensa ta bayan wata tirela.

“Ɗauka mana!” in ji shi. “Ai wannan ba ni ba ne, tsoho ne. Shi ba wanda ya hana shi.”

Na jira har ya manta da ni. Ya juya yana tsokanar mai ƙosai, rana ta shiga gemun, na danna. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba.

Sallah ta wuce, tarin bai wuce ba. Ashe ƙurar audugar ce ta cinye masa ƙirji, mu muna tafi. Da kayan aiki suka daina zuwa aka fara sallamar mutane, yana cikin na farko. Katin aikinsa, mai ɗan hoton da aka tilasta masa, a ƙofa aka karɓe. Bai ga wani azumin ba.

Da matarsa ta fita takaba, ta zo wajen iyalina yin sallama, za ta koma gida da 'yarsu ƙarama. Daga bayan labule ta yi mini magana.

“Malam, an ce kuna da hotonsa. Yarinyar nan tana tambaya, ni kuma wallahi kamanninsa sun fara kuɓuce mini.”

Na zazzage kwalin hotunana kaf, ina fatan ko ya faɗo a gefen hoton wani, ko da rabin fuska ne. Babu. Na miƙa mata hoton tsohon, raina a ɓace.

Iyalina ta ce matar ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta rufe gemun ko za ta ga mijinta, to idanun ma toka ta kewaye su. Ni dai muryar yarinyar na ji.

“Inna, wane ne wannan?”

“Babanki ne.”

“A'a. Babana ba tsoho ba ne.”

Gaskiyarta, ko talatin bai kai ba. Uwar ta naɗe hoton a gefen mayafi suka tafi da shi, don babu wani. Shekaru sun ja. Idan yarinyar nan tana raye, yanzu ta girmi ubanta nesa ba kusa ba, kuma gemun auduga kawai ta sani.