Hanyar da Na Zaɓa wa Keken Bature

Shekara talatin da wani abu ina dako a birnin Salbado, can ƙetaren teku, tun ina bawa har na fanshi kaina. Na ɗauki buhun sukari daga bakin ruwa, na ɗauki gangar giya, na ɗauki Turawa a kujera na hau da su titin tudun nan da ake kira Ladera da Farasa suna gyangyaɗi ni ina haki. Don haka idan aka ce wane ya san hanya, ba na jin kunyar ɗaga hannu. Wannan sanin nawa shi ya cuce ni.

'Yata tilo tana da shekara goma sha uku aka sayar da ita. Uwarta baiwa ce a lokacin, don haka ita ma baiwa ce, ubangijinsu kuwa ya miƙa ta ga wani mai gonar rake a bayan ƙauyen Firaja. Shekara tara ban sa ta a ido ba. Sau ɗaya na nufi gonar ni kaɗai, mai gadi ya tare ni da karnuka, aka kulle ni kwana uku. Wai baƙin mutum mai carbi ba ya yawo kusa da bayin mutane sai da mugun nufi. Tun tawayen da Musulmi suka yi kafin a kawo ni ƙasar, haka suke kallonmu. Na gane ƙofar nan ba za ta buɗe mini ba sai ina bayan farar fata.

Sai ga wani saurayin Bature, ɗan Ingila, magatakarda a wani gidan ciniki, ya sauko da dokin ƙarfe daga jirgi. Ƙafar gaba ta kai ƙirjina, ta baya ba ta fi faifai ba, shi kuma yana can sama a ɗare kamar biri a kan gwanda. Yarbawan gari suka ce keke, mu ma muka ce keke. Ya gaji da zagayen unguwar Itafajife, yana son ya fita karkara inda ƙasa take hawa tana sauka a hankali, ya rubuta hanyoyin a littafinsa don abokansa. Yana neman wanda zai bi shi da kwandon abinci da kwalbar mai. Na ture mutum biyu kafin na kai gabansa.

Lahadi uku muka yi muna fita ta hanyar shanu. In gangara ce ya tafi kamar iska, ya jira ni a ƙasa yana dariya. In hawa ne ya sauka ya turo, ni na wuce shi da sassarfata ta 'yan dako. Ƙasar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Tudu bayan tudu, rake kore shar, nan da can bishiyar mangwaro. Shi yana cewa abin sha'awa, ni ina duban bayin da ke sunkuye a cikin raken. Ban tsane shi ba, yaron kirki ne irin wanda bai taɓa jin yunwa ba. Amma raina yana ɓaci duk lokacin da ya tsaya ya shaƙi iska ya lumshe ido.

A Lahadi ta huɗu na kira shi yadda muke kiran iyayen gida a nan, na ce masa, "Sinyo, akwai wata gona a gaba, gidanta a kan tudu, ana hango teku daga can." Ban faɗa masa abin da ni nake son hangowa ba. Ya ce mu je.

Bayan Firaja hanya ta rabu biyu, duka suna kaiwa gonar. Ta sama tana bin doron tudu, tsakuwa ce zalla, ta fi tsawo, rana tana gasa ta har ta toye maka tafin ƙafa. Ta ƙasa tana bin rafi, yashi mai laushi, ga inuwa. Duk ɗan dakon da ke da hankali ta ƙasa yake bi.

"Wacce ta fi kyau, Baba?" in ji shi.

"Ta ƙasa, Sinyo. Babu hanya mai daɗinta a ƙasar nan."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Lahadi uku ina bin abin nan a baya, ban taɓa tunanin cewa abin da ƙafa take so ba shi keke yake so ba. Ni da kaya a ka nake auna hanya, ƙafa ba takalmi.

Ba mu yi nisa ba siririyar ƙafar nan ta nutse a yashi ta tsaya cak. Bature ya wuce ta saman ƙahon keken ya faɗi rub da ciki. Ya tashi, ya sake hawa, ya sake faɗuwa. A karo na uku wani ƙarfe ya lanƙwashe, gwiwarsa ta fashe, farin wandonsa ya ɓaci da jini. Ya zauna a ƙasa yana zagi da harshensu.

Tudu ɗaya ya rage. Ina ganin hayaƙin matsar rake yana tashi a bayansa, har ƙamshin ruwan rake da ake dafawa yana zuwa mana, don masu gonar ba su san Lahadi ba a lokacin yanka.

"Mu koma," ya ce.

Nan na ajiye girman kaina. Na durƙusa gaban yaron da na haifi kamarsa. "Sinyo, 'yata tana can. Zan ɗauki keken a ka, zan goya ka in kana so. A wanke maka ciwon a gidan."

Ya dube ni da tausayi, tausayin nan nasu da ba ya tsinana komai. Ya nuna wandonsa. Ba zai shiga gidan mutanen kirki a haka ba, a yi masa dariya. "Wata rana, Baba," ya ce.

Na ɗora keken a ka, muka juya. Yashin nan yana da laushi a ƙafata har muka fita, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani laushin nan ba.

Bai sake ɗaukata ba. Ya ce ya riga ya san ƙasar, ba ya bukatar ɗan rakiya. Bayan kamar wata biyu ya gan ni a bakin ruwa kusa da unguwar Aguwa da Meninu, ya kira ni da fara'a. Ya koma ya bi hanyar sama, ya ce, tsakuwar nan keke gudu yake a kanta, kafin rana ta take yana gonar. Sun karɓe shi hannu bibbiyu. Wata baiwa ma ta kawo masa ruwa a ƙofar gida.

Na sauke buhun da ke kaina. Na tambaye shi kamanninta, doguwa ce, tana da wushirya, tana da tabo a haɓa?

Ya yi ta tunani, da gaske yana son ya taimake ni. Sannan ya ɗaga kafaɗa.

"Baƙa ce," ya ce.