Shirun Da Na Zaci Waraka Ce

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A shekarun da abin da zan faɗa ya faru, ni ma'aikaciya ce a sashen ilimi na ƙaramar hukumar Anka, ni ke riƙe da ɗakin fayil. Asalina 'yar Gummi ce, aure ya kawo ni Anka, da mijina ya rasu kuma aiki ya riƙe ni. An san ni da tsauri. Ba na karɓar magana sai da takarda, ba na karɓar takarda sai da sa hannu da hatimi, har abokan aiki suka laƙaba mini Hajiya Ina Shaida, ni kuma ina jin daɗin sunan a ɓoye. Allah bai ba ni haihuwa ba. Na raina bokaye da masu tallar magani a bakin kasuwa, kuma ba na ɓoye rainin. Na fara da wannan ne domin kada wani ya ɗauka jahilci ya kai ni inda na faɗa. Da karatuna na faɗa, ina sane, ina taƙama.

Ƙanena yana zaune a Bagega, wani ƙauye a ƙasar Anka, yana noma, da rani kuma yana taɓa aikin zinariya. Matarsa Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Bukkuyum, mace mai sanyin murya, wadda ke kirana Adda, wato yaya a Fulatanci. Da lokacin yaye ɗiyarsu ta fari ya yi, sai suka kawo mini ita, kuma kowa ya gane ba yaye kaɗai ake nufi ba, an ba ni ce. Wanda ya san mutanenmu ya san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Matar ƙanena ta riƙe wannan alkunya fiye da kowa. Idan za ta ambaci yarinyar sai ta ce ɗiyarki, ko baƙuwarki, idonta na kallon ƙasa.

Ban taɓa jin daɗin duniya kamar wannan lokacin ba. Gidana da ya yi shekaru shiru ya cika da surutu. Yarinyar ta buɗe baki da wuri, Hausa da Fulatanci a cakuɗe, tana kirana Goggo. Da yamma idan na dawo daga ofis nakan same ta a bakin zaure tana jirana, ta karɓe jakata tana ja a ƙasa, wai ita ce shugabar ma'aikata. Ta kwaikwayi yadda nake gyara tabarau kafin in yi faɗa, har maƙwabta suka riƙa kiranta ta yi musu. Mai tallar fura da nono ba ta wuce ƙofarmu sai sun yi ciniki, ita yarinyar tana tayi da duwatsu, matar tana rantsuwa an karya ta. Da damina muna zama a rumfa muna gasa masara, tana ba ni labarin shanun kakanta da ba ta taɓa gani ba sai a bakina. Har yau idan na ji ƙanshin masara a kan garwashi, muryar nan nake ji.

Sai ofis ya tura ni ƙarin karatu Kaduna na wasu watanni, na mayar da ita Bagega wajen iyayenta kafin in dawo. A lokacin kasuwar zinariya ta buɗe sosai. An shigo da injinan niƙa cikin gari, maza na kawo duwatsu daga rami, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake surfe. Ƙurar tana sauka a kan tabarmi da kwanon abinci, yara na rarrafe a cikinta. Babu wanda ya san akwai gubar dalma a duwatsun.

A can Kaduna ne wata mata da muke aji ɗaya ta ga ina fama da ciwon kai da rashin barci, ta kai ni wajen malamarta ta Reiki. An bayyana mini cewa hanya ce ta warkarwa da ta samo asali daga Japan, mai yi yana ɗora tafin hannunsa a jikin mara lafiya ko ya riƙe shi a saman jiki, wani ƙarfi na rai ya ratsa ta hannun ya daidaita abin da ya karkace. Ba layu, ba turare, ba yanka. Ɗaki ne mai tsabta, malamar tana Turanci mai kyau, akwai darasi mataki-mataki da takardar shaida a ƙarshe. Zan faɗi gaskiya, na samu sauƙi. Tun rasuwar mijina babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce in rufe ido in huta. Na yi kuka a zaman farko, na yi barci mai nauyi bayansa. Sai na yi rajista na koya. Ni da ke mayar da fayil saboda hatimi ya goge, ban tambayi matar nan shaida ɗaya ba a kan abin da hannu ke iya warkarwa da abin da ba ya iyawa. Takardar da ta ba ni ta ishe ni.

Da na dawo na je Bagega ɗauko ɗiyata. Ƙanena ya yi ta tsokanata, wai yayarsa ta zama bokanya mai satifiket, ya ce in ɗora masa hannu a aljihu ko zai cika. Muka yi dariya. Amma yarinyar da na tarar ta sake. Ta rame, tana yawan kuka babu dalili, tana riƙe ciki, abin da ta ci sai ta amayar. Na ce kewata ce da sauyin abinci. Na kawo ta Anka na soma yi mata abin da na koyo, safe da yamma, hannuna a goshinta da cikinta, ina bismillah kafin in fara. Cikin 'yan makonni kukan ya ragu. Ta daina rigima, ta daina ƙorafin ciki, ta koma yawan kwanciya da barci. Zuciyata ta cika da farin ciki. Na kira malamata na ba ta labari, ta ce alama ce mai kyau, jiki ya karɓa. Da na ambaci aman da bai tsaya ba, sai ta ce jiki ne ke fitar da datti, in ƙara zama, ita ma za ta turo mata ƙarfi daga Kaduna. Wannan amsar har yau idan na tuna ta raina yana ɓaci. Ba ta ga yarinyar ba, ba ta tambayi shekarunta ba, ba ta ce ko sau ɗaya in kai ta asibiti ba.

A lokacin labarin gubar dalma ya riga ya bazu. An yi ta binne yara a ƙauyukan Abare da Sunke, likitocin agaji sun zo, ana gwada jinin ƙananan yara ana kwantar da su a nan cikin Anka, tafiyar ƙafa daga gidana. Na sani sarai. Amma na ce wa kaina ai na riga na raba ta da ƙurar, kuma ga sauƙi ina gani da idona. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau: na ji nauyin a gan ni a layi da yarinya a hannu, bayan na gama shelanta wa ofis da unguwa cewa ina da hanyar da ba ta buƙatar allura.

Wata ranar kasuwa uwarta ta zo gaishe ni. Ta zauna a bakin tabarma ta ba wa ɗakin da yarinyar ke kwance baya. Bayan gaisuwa ta ce ruwa ya yi kyau bana, gero ya fara kai. Sannan ta ce yaran maƙwabciyarsu biyu da aka rasa, da yawan barci suka fara. Daga nan ta tambaya ko baƙuwata na cin tuwo. Na ce tana samun sauƙi, na hau yi mata bayanin Reiki kamar ina gaban aji. Ta ce madalla, Adda ta fi ta sani. Ta tashi ta tafi ba ta leƙa ɗakin ba.

A nan ne kuskurena yake, kuma ba ni da uzuri. Na tashi cikin wannan al'ada. Na san cewa uwar ɗan fari irin wannan, idan har ta buɗe baki ta tambayi ko yaron na cin abinci, to kururuwa ta yi. Ta hau mota daga Bagega a kan wannan muguwar hanya domin ta faɗa mini jimla biyu, iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa. Da Innarmu ce ke zaune a wurina, da tun kafin matar ta kai ƙofa an goya yarinyar. Ni kuwa na saba da sai an rubuto mini abu ƙarara, sai na ɗauki maganarta hirar ƙauye.

Kasuwa ta zagayo, uwar ta sake dawowa. Da hantsi ne, maƙwabta biyu na zaune a tsakar gida, na fito da yarinyar rumfa ina riƙe da hannuna a saman kanta. Idonta a lumshe, wuyanta ya saki. Na yi wa uwar alama ta yi shiru, na ce barci take. Ta tsaya ta dube ta, karo na farko da na ga ta dubi ɗiyar nan kai tsaye. Sai ta ture hannuna, ta sunkuya ta kira sunanta, sunan yanka, a gaban kowa. Yarinyar ba ta motsa ba. Uwar ta juyo gare ni ta ce, "Adda, wanga ba barcin lafiya na ba." Ta ɗauke ta ta goya da mayafinta, ta fita kai a buɗe. Ina mai kunyar faɗa cewa abin da na fara ji shi ne haushi, wai an ci mini fuska a gidana. Na bi ta a baya ina faɗa. Kafin mu kai ƙofar asibiti jijjiga ta kama yarinyar a bayan uwarta, nan take na bar faɗan.

Gwaji ya nuna dalma ta yi mata yawa a jini. Ma'aikacin jinya ya tambaye ni yaushe yawan barcin ya fara, na faɗa masa. Bai zage ni ba. Ya ce kawai lafawar da na gani ba sauƙi ba ne, gubar ce ta kai ga ƙwaƙwalwa. Aka ba ta maganin da ke wanke dalma daga jini, muka daɗe a kwance. Allah ya bar mana ita, amma jinta ya tafi sai kaɗan, maganar nan mai daɗi kuma ta tsaya inda ta tsaya. Ban san ko illar za ta ragu da na kai ta asibiti tun ranar da na ɗauko ta ba. Likita ya ce ba wanda zai iya yanke wannan. Ni dai na san makonnin da na riƙe ta a gida.

Wasu tsofaffi a dangi suka fara gunaguni, wai matar ta yi rashin kunya, ta kira sunan ɗiyar fari a bainar jama'a. Na tara su na ce duk wanda ya ƙara faɗar haka ya fara da ni, domin da ta yi kunyar da suke so, da kabari muke ziyarta. Ranar da aka sallame mu na tattara kayan yarinyar na miƙa wa uwarta, don na san ban cancanci riƙo ba. Ta mayar da idonta ƙasa kamar da, ta tura mini kayan ta ce, "Ɗiyarki ta, Adda. Ina zan kai ta?" Tun daga ranar ban sake jin sunan a bakinta ba.

Yau na yi ritaya, yarinyar ta zama budurwa, tana wurina. Tana ɗinki, tana karanta leɓena, kuma har yanzu tana kwaikwayon yadda nake gyara tabarau, sai dai babu murya. Ban ce duk mai Reiki mayaudari ne ba. Zama kusa da mai ciwo da ɗora masa hannu yana kwantar da rai, ni shaida ce. Amma bai fitar da ƙwayar dalma ko ɗaya daga jinin ɗiyata ba, kuma duk wanda ya ce muku amai ko yawan barcin yaro alamar waraka ce, ku bar shi a nan ku nufi asibiti. Har yanzu ana niƙa dutse a ƙasarmu. Ina roƙon 'yan uwana masu karatu musamman, kada tsabtar ɗaki da takardar shaida su hana ku tambayar da za ku yi wa boka. Ku kuma da aka ba riƙon ɗan fari, idan uwarsa ta zo ta ba shi baya tana zancen yaran maƙwabta, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara.

Wani lokaci idan kanta na ciwo takan kamo hannuna ta ɗora a goshinta, don ba ta manta ba. Ina barin hannun a wurin, ba na hana ta. Amma da ɗaya hannun nake neman mayafina, mu tafi asibiti.