Gwangwanin Maganin Gwaggo

Shekara biyu na yi ina zaga lungunan cikin birnin Zariya da jakar awon jini, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Doka, har dugadugaina suka tsage. Ina aikin jinya ne lokacin, aka sa asibitinmu cikin guda biyar da za a gwada sabon maganin hawan jini. Kowane mai ciwo da kwalbarsa mai lamba. Wasu sabon maganin ne a ciki, wasu tsohon, duk farare, mu kanmu ba mu san wanne ne wanne ba. Sharaɗin ɗaya ne, kowa ya sha nasa.

Da aka tattara sakamako, na sauran asibitocin ya fito sarai, namu ya cakuɗe. Aka ce in ba a gano dalili ba, za a cire Zariya gaba ɗaya. Shekara biyu fa!

Sai aka turo wata dattijuwar likita, mai ba da shawara kan tsara irin wannan gwaji. Na jibge mata takardu ina huci. Ko buɗewa ba ta yi ba.

"Sista, kai ni gidajen," ta ce.

Na fara da gidan Gwaggo, yayar mahaifina, don can ne nake bugun ƙirji. Mutum huɗu na rubuta a gidan. Likitar ta nemi ganin maganin. Gwaggo ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ƙwayoyin mutum huɗu ne, a haɗe.

"Gwaggo! Ina kwalaben?"

"Na zuba yaji. Haba 'yar nan, tukunyarmu ɗaya, sai magani ne kowa zai ɓoye nasa? Ni nake raba musu bayan asuba, ko kwana ɗaya ba mu tsallake ba."

Kowane wata in na zo, tambayata ɗaya ce, an sha? A ce mini an sha, in rubuta. Gidajen da muka shiga bayan nan ma, yawanci haka muka tarar.

Likitar ta ce kuskuren tun daga tsari ne, gida-gida ya kamata a raba maganin, kowane gida iri ɗaya, ba mutum-mutum ba. An bi shawararta a gwaji na gaba. Mu kam aka cire mu, ni kuma wallahi na gaji, ban sake neman shiga ba.

Har Gwaggo ta rasu tana tambayata ko manyan likitocin sun ga ƙoƙarinta. Kullum ce mata nake sun gani.