Hannun da Na Hana Inna

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu idon Inna ya ƙarasa rufewa. Daga nan da hannu take gane 'ya'yanta. Kullum da safe kafin in fita sai in durƙusa a ƙofar ɗakinta in miƙa mata hannuna na dama, ta lalube shi yatsa bayan yatsa, ta ce, "Auta ne. Allah ya yi albarka." Da gemuna da 'ya'yana, amma ranar da ban ji wannan kalma ba, ko kasuwa ba ta yi min daɗi.

Dillancin shanu nake yi a Mai'aduwa. Wata ranar kasuwa wani bijimi ya fizge, igiya tana naɗe a wuyan hannuna na dama, ya ja ni ƙasa. Na ji ƙas! Aka kai ni wurin wani maɗori a garin Babban Mutum, ya ɗaure da karare ya yi tofi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aikinsa, ƙashi ya kama sarai. Bayan an kwance ɗaurin ne bala'in ya fara.

Wuta ce, ban da wata kalma. Kamar an tsoma hannun a kaskon ƙosai an manta da shi. Ya kumbura, fatar tana sheƙi, yau ya yi baƙi gobe ya koɗe, gumi yana tsattsafo masa shi kaɗai. Amma duk wanda ya taɓa sai ya ce, "Ai sanyi gare shi." Hannun riga in ya goge shi sai na yi ihu. Ƙuda ya sauka a kai, ƙuda fa, in ji kamar an ɗiga min dalma. Ruwan alwala kuwa sai na cije leɓe nake zuba shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in na rufe ido matata ta taɓa min yatsa, ba na sanin wanne ta taɓa. Ji nake ya kai taɓarya girma, in na duba in ga bai kai haka ba. In ina so ya ɗauki ludayi sai na zuba masa ido tukuna, kamar hannun wani aka liƙa min.

Inna ta ce rashin gashi ne. "Karaya ba gashi? A ina aka taɓa yi?" Ta sa aka tafasa ruwa, yayata ta danne min kafaɗa, ita kuma ta tsoma tsumma tana dannawa, tana murza man shanu da iya ƙarfinta. Farkawa na yi na gan ni a tabarma ana yi min fifita.

Washegari na durƙusa na miƙa mata hagu. Ta lalube, ta tsaya cak, ta saki.

"Hagu? Ni ka ba hagu, Auta?"

"Inna, wallahi ciwo yake."

"Miƙo shi nan."

Na miƙa. Tana taɓawa na fizge da ƙara, har kajin tsakar gida suka watse. Sai ta ce, "Ƙashi ya ɗoru, babu rauni, babu ƙurji. Fushin gashin nan ka riƙe ni da shi." Ta juya fuska ga bango. Ranar ba a sa min albarka ba, kuma ba a sake sawa ba.

Kasuwa ma ta watse min. Dillalin da ba ya ba da hannu, wa zai sallama masa saniya? A masallaci wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce wata sabuwar aƙida na shiga. Su je can su ƙarata. Na sha rubutu har cikina ya gaji, an yi min hayaƙi don an ce iska ce. Duk wannan bai ci min rai kamar "lafiya lau" ɗin da Inna take amsa min da ita a bushe ba, hannuwanta cikin zane.

Daga ƙarshe na je babban asibiti a Kano. A kwanakin nan, rediyo ba ta da zance sai na hannun ɓarawo da aka yanke a wata jiha. Allah ya yafe min, har ƙyashin mutumin na yi. Na ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ma an raba shi da nasa. Ni da ban saci ko allura ba, a taimaka a yanke min."

Bai yi dariya ba. Ya ce kowace gaɓa tana da gurbinta a ƙwaƙwalwa, nan ake fassara duk abin da ya taɓa jiki. Bayan karayar sai jijiyoyin suka ƙi kwantawa, gurbin hannuna ya rikice, shafa ma yanzu ƙuna yake karanta ta. Shi ya sa nake kasa bambance yatsuna. Ya ce ciwon gaskiya ne, ba raki ba, kuma ko an yanke babu tabbacin wutar za ta mutu.

Na ce, "To a yanke kan mana."

Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in riƙa motsa hannun a hankali. Zafin ya ragu kaɗan. Ban faɗa wa Inna bayanin ba. A garinmu in aka ce ciwon mutum a ƙwaƙwalwa yake, an gama da shi, ga ni da 'ya'ya mata a gabana.

Haka muka zauna damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa. Wata la'asar, gero ya fara fitar da kai, yayata ta leƙo ta ce in zo, jikin Inna ya yi tsanani. Na shiga na durƙusa a bakin gadon. Ta fito da hannunta daga mayafi tana lalube a iska. Na san abin da take nema.

Na ba ta dama.

Ta riƙe da hannu biyu. Ta bi shi yatsa bayan yatsa kamar da, a hankali, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na cusa wuyan rigata a baki na ciza. Gumi ya jiƙe ni, ɗakin yana juyawa, amma ban fizge ba, ban yi ko tari ba.

Sai na ga ta yi murmushi. Ta ce, "Ka gani ko? Da ma na sani, lafiyarsa ƙalau. Na yafe maka, Auta. Allah ya yi albarka."

Na ce amin. Kafin magariba ta cika.

Albarkar na samu, na gode wa Allah. Amma ta tafi tana ganin ƙarya na yi mata duk tsawon lokacin nan, kuma ni da kaina na tabbatar mata. 'Yan'uwana in sun tuna hannun Inna, taushinsa suke faɗa. Ni in na tuna, wuta nake ji.