Waƙar da Kaka Ta Ƙi Rerawa da Rana

Mu ba a gindin murhu muka tashi ba. A saman wani dogon bene a Vaulx-en-Velin, gefen garin Lyon, muka girma ni da ƙanena Sani, kuma wutar da muka sani ita ce wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai jajayen wayoyi da Baba ya sayo wa Kaka saboda ciwon ƙafa. Takan jawo ta gaban tabarmarta, ta miƙa mata tafin hannu, tana mitar cewa wannan wace irin wuta ce, ba hayaƙi ba toka, ko gyaɗa ba ta iya gasawa. Amma a gabanta muka ji duk tatsuniyar da muka sani.

Kaka tana da doka guda da ba ta karyawa: ba a tatsuniya da rana. Ta ce yaron da aka yi wa tatsuniya rana na sama, ɓata yake yi, ya nemi hanyar gida ya rasa. A Damagaram wannan doka ba ta damun kowa, don magariba ba ta saɓa alkawari. A Faransa kuwa ta zame mana jarrabawa. Da sanyi kakarmu ta yanke saƙa, kafin mu dawo daga lakwal, wato makaranta, duhu ya fara shiga. Da zafi kuma rana sai ta kafe a sama har wajen goman dare, Inna ta kora mu kwanciya haske na leƙowa ta labule, mu yi wata da watanni ba mu ji "ga ta nan, ga ta nanku" ba.

Kaka ba Bahaushiya ce gaba da baya ba. Mahaifinta farke ne, ya yi nisa har Kwango, ya auri 'yar gari a bakin wani babban kogi. Da zai koma gida sai ya ɗauko ɗiyarsa, ya bar uwar. A lokacin Kaka ko haƙoran yarinta ba ta gama zubarwa ba. Ta tashi a Damagaram, Hausa ta cinye harshen uwarta, sai 'yan kalmomi da suka maƙale mata. In muka faɗi takan ce "pole". In tana son ruwa, wani lokaci "maji" ke riga fita. Wata maƙwabciyarmu 'yar tsibirin Komoro ce ta ji ta wata rana a matakala, ta gaya wa Baba ai wannan Suwahili ne, yana kama da nasu amma ba shi ba ne.

Akwai kuma waƙa. Tana cikin wata tatsuniya da muka fi so kuma muka fi tsoro. Wata yarinya ce ta bi babanta kasuwa a ƙetaren kogi. Suna ƙetarawa ruwa ya cika, kullum yana ƙara faɗi. Duk yamma uwarta takan zo wancan gefe ta yi mata waƙa, yarinya tana jin murya amma ba ta jin magana. Ta ga wani kada a bakin ruwa, ta roƙe shi ya je ya jiyo mata, ya karɓe murjaninta, ya dawo ya ce ruwa ya shige masa kunne. Ta roƙi dorina, ta karɓe zanenta, ta dawo ta ce barci ya sace ta a hanya. Ta roƙi shamuwa, shamuwa ta jiyo waƙar tsaf, amma tana buɗe baki sai ta ga kwaɗo, waƙa ta faɗa ruwa. A kowace gaɓa Kaka takan lumshe ido ta rera waƙar uwar da wannan harshe, muryarta ta sirance har ta daina kama da tata. Ranar da ruwa ya janye, yarinya ta riga ta yi furfura. Ta ƙetara da sanda, ta tarar da kango.

"Kaka, ai wannan ba ƙarshe ba ne," in ji Sani kullum.

"Maigidana, in kana da wanda ya fi shi, sayar mini. Ƙurunƙus."

Ni ce na taɓa tambayarta ma'anar waƙar. Ta ce ba ta sani ba. Uwarta ce take yi mata, ita kuma ta riƙe sautin kawai, ba ta ma san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. Ta ce ta je Makka, ta ga jikoki, ba abin da ya rage mata a duniya sai ta san me uwarta take gaya mata. Ta faɗi haka ne tana gyara ɗankwali, amma ni na ji nauyin maganar duk da ƙuruciyata.

Kawu Yusufa, autan Kaka, yana karatu a Paris. Shi ya ɗauki abin da zafi, har ya gano wani ɗalibi ɗan Tanzaniya, Malam Juma, wanda ya gama karatunsa yana shirin komawa gida. Faransancinsa bai nuna ba, da Ingilishi suke magana da Kawu. Da ƙyar ya samu wata Lahadi a watan Yuni, a kan zai zo da safe ya koma a jirgin ƙasa na yamma, don washegari zai tashi. Ba wanda ya tuna da rana a cikin lissafin.

Kaka ta ɗaura zanen da ta je aikin hajji da shi. Inna ta yi tuwo da miyar kuka. Bayan an ci sai aka zauna, Kaka ta riƙa fito da kalmominta ɗaya bayan ɗaya, Malam Juma ya faɗi ma'ana da Ingilishi, Kawu ya juya mana da Hausa. "Moto" wuta ce. "Samaki" kifi ne. "Nyumba" gida. "Pole" sannu, irin wadda ake yi wa wanda ya ji ciwo. Kaka tana dariya tana tafa hannu, ban taɓa ganin ta haka ba. Daga nan ta ce akwai wata kalma da uwarta ta riƙa maimaita mata a bakin ruwa lokacin da ake saka ta a kwalekwale: "kesho". Malam Juma ya faɗa wa Kawu. Kawu ya juyo ya ce, "Gobe ke nan, Iya." Kaka ta ce to. Ta daɗe tana kallon tabarma.

Sai Baba ya ce, "Iya, saura waƙar."

Kaka ta dubi taga. Rana tana nan ƙwal a kan benen da ke fuskantarmu.

"A jira magariba," in ji ta.

Kawu ya yi mata bayani cewa kafin magariba baƙo ya yi rabin hanyar Paris. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya. Baba ya tashi ya ja labule duka, ya rufe ƙofar falo. Ta ce, "Kai, labulen naka ni zai ruɗa ko rana?" Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Baba ya ce wannan camfi ne, ba ya cikin littafi. Kawu ya ce ai waƙa ce kawai, ba tatsuniya ba. Ta ce ta daɗe da ɗinke su wuri guda, ba a yage ɗaya a bar ɗaya. Aka ce to a fitar da yara waje. Ta ce waƙar dai daga gidan yaran za ta fita. Aka ce a ɗauka a kaset da dare a aika masa. Ta ce wa zai tsaya a can ya hana a kunna da rana?

Da lokaci ya ƙure Baba ya durƙusa gabanta.

"Iya, don Allah. Yanzu haka a Damagaram an kusa kiran magariba."

"Yaran nan a Damagaram suke?" Ta nuna mu da haɓa. "Ni na san ɓata. An raba ni da gida ina kamar waɗannan. Ga su a ƙasar da ba tasu ba, ƙafa ɗaya a waje, ka ce in tura su? A bar ni da rashin sanina."

Mun raka Malam Juma tashar bas. A hanya Sani ya yi ƙarfin hali ya rera abin da ya riƙe, ni tsoro ya hana ni. Mutumin ya saurara da kyau, ya sa ya maimaita, sannan ya girgiza kai. Ya ce bai tsinci komai ba sai "maji". Bakinmu ya riga ya niƙe sauran.

Da sanyi ya dawo duhu ya samu da wuri, amma Kaka ta kwanta ciwo. Jinyar a gida aka yi. A kwanakinta na ƙarshe Hausa ta gudu ta bar ta, ta koma wancan harshe, tana zubo maganganun da ba mu taɓa ji ba. Akwai ɗaya da ta fi maimaitawa, tana ɗaga hannuwa biyu sama: "nibebe". Inna ta ba ta ruwa, ta kawar da kai. Aka ƙara mata bargo, aka juya ta, Baba ya yi mata tofi. Ba ta daina faɗa ba har ta cika.

Na girma, na koma Paris da aiki. Na daɗe ina jin haushin Kaka, ina ganin taurin kai ne ya sa ta yar da abin da ta nema duk rayuwarta. Sai da na haihu na gane ba taurin kai ba ne, mu ta zaɓa. Abin da ke ci mini rai shi ne ban ga abin da zaɓin ya tsare ba. Sani ya auri Bafaranshiya, rabonsa da Damagaram tun yana yaro. 'Ya'yana in na ce "ga ta nan, ga ta nanku" kallona suke, ba su san ana amsawa ba. Waƙar kuwa ko sautinta ya kuɓuce mini.

Wata Asabar ina zaɓen atamfa a wani shago a unguwar Château Rouge, sai na ji wani ƙaramin yaro a bayana yana ƙananan kuka: "Mama, nibebe." Na juya. Ya ɗaga hannuwa biyu sama. Uwar, wata 'yar Kenya, ta sunkuya ta saɓa shi a baya ta ɗaure da zane. Na tambaye ta da guntun Ingilishina, duk da na riga na gani da idona. Ta ce ai cewa yake a goya shi.

Na fita ban sayi komai ba, na zauna a bakin matakalar tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi kuka mutane na ratsa ni. Mu biyar ne har da Kawu a ɗakin jinyar Kaka muna zagaye da ita, ga zannuwa cike da akwati. A lokacin Kaka ta rame har ba ta fi yarinya nauyi ba. Ko ni da na iya ɗaukarta.