Dankalin leda da hawan jinin Inna

Ni na kai mata da hannuna, abin da ya fi damuna ke nan. Lokacin ina aiki a ɗakin karatu na jami'a a Wudil, duk Juma'a nakan leƙa Inna a Utai, kuma ba a shiga wurin uwa hannu rabbana. Wata abokiyar aikina ta kawo mini soyayyen dankalin turawa na leda daga Kano, mai ƙaras-ƙaras, an zana wani koren ganye kamar na karas a jikin ledar, wai shi dil. Na ɗebi leda shida na kai mata tsaraba.

Inna kuwa hawan jini gare ta. Likita ya hana ta gishiri, wata huɗu ana yi mata miyarta daban, lami. Ni da nake taƙama da boko, ko juya ledar ban yi ba. Na ga ganye, na ce ai abin ganye ba ya cutarwa.

Ranar Laraba ina cin nawa a ofis na duba bayan ledar. Mai da gishiri ne a gaba-gaba, ganyen yana can ƙarshen jeri, ƙamshi kawai. Na kira matar ƙanina da ke yi mata girki, ta ce ai Inna marmasa dankalin take yi a kan tuwo safe da yamma, kuma tun jiya take cewa ƙeyarta na sara mata. Ban jira an tashi aiki ba. A kan babur har Utai, ba wanda nake tunawa sai kawuna da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

Na same ta a tabarma tana tsintar wake. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Inna, dankalin nan duk gishiri ne. Ban duba ba."

"Sai yau kika sani?" in ji ta. "Ni tun lomar farko na ji. Jinina ne ya hau, harshena lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa kika ci?"

"Wata huɗu ina cin tuwo kamar ina tauna tsumma. Na ɗauka kin sani, tausayina kika ji."

Saura leda ɗaya a ƙarƙashin matashinta. Ta miƙo mini da kanta, ba ta kalle ni ba. Na sa a jaka, na ce ta ɗauko mayafi mu je a auna ta.