Asabar ɗin da Ayarin Kawu Ya Tsaya a Ƙofa

Kawuna shekara ashirin da shida ya yi yana jan tirela. A tasha ba mai kiran sunansa, Ba-Ribas ake ce masa, domin in ya sa kan mota a hanya ko ya kafe a kan magana, sai dai kai ka kauce. Wata damina birki ya ƙwace masa a gangara, motar ta kwanta. An zaro shi da rai, amma ƙafar dama ba ta sake taka totur ba. Wata bakwai ya yi a kwance yana faɗa da likita, da matarsa, da duk wanda ya yi masa sannu fiye da sau ɗaya.

A kwancen nan ya gano wani wasan kwamfuta na tuƙin manyan motoci, wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda daga gidajensu, su jera a hanya ɗaya. Da ya miƙe sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya ajiye ta a ɗakin da Anti, matarsa, ke tara kwanuka, ya mai da ita sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan kowa ya shigo cikinta. Shi kaɗai ya haɗa komai, da bidiyon waya da zage-zage. Ya ɗaure sitiyarin roba a jikin tebur, ya tattaro tsofaffin abokan tuƙinsa goma sha ɗaya. Duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma ayari ke tashi, kuma shi ne a gaba.

Ni da na gama jami'a na dawo gidansu da zama kafin aiki ya samu. Ya san kwamfuta na karanta, shi ya sa ya kafa min doka tun ranar farko.

"Malama, karatunki naki ne. Wannan ɗakin gareji ne. Shara kawai."

Kawu bai taɓa yarda cewa kwamfuta ba mota ba ce. Yana goge ta da tsumma, yana kasa kunne ya ji ƙarar fankarta kamar mai sauraron inji. Kuma kamar yadda yake cire kan batir in ya faka tirela, haka kullum da yamma yake kashe soket ɗin da ke ɗauke da komai, har da rauta, ɗan akwatin da ke raba intanet a gidan. Da safe ya kunna su gaba ɗaya.

Ranar wata Litinin ya sayo babban talabijin, ya ce ya gaji da hangen hanya ta tagar kurkuku. Ya kafa shi a bango, ya jona masa wayar intanet, ya soka shi a wannan soket ɗin. Ranar Laraba Na-Baya, amininsa wanda kullum shi ne ƙarshen ayari, ya kira ya ce ya gwada shiga don ya motsa hannu, sabar ta ƙi karɓarsa.

"Wayarka ce ko hannunka," in ji Kawu. "Ga ni a ciki ina tuƙi."

Shi kam yana shiga, tunda a cikin gidan yake. Na waje ne suka kasa. Kafin Alhamis mutum shida sun gwada, duk labari ɗaya.

Daga nan gidan ya kama da wuta. Ya fara da fayawol, mai gadin da ke tare baƙin da ba a sani ba a bakin kwamfuta. Ya duba lambobin ƙofofin da wasan ke bi, waɗanda ya rubuta da alƙalamin maka a bango, ya goge izinin ya sake rubutawa sau uku. Bai yi ba. Ya kashe fayawol ɗin ɗungurungum, yana cewa, "To na kori mai gadin, uban wa kuma ya tare hanya?" Duk da haka ba wanda ya iya shiga. Ya canza wayar intanet, ya hure ƙura, ya ɗaga rauta ya girgiza ta a kunnensa. Ya kira kamfanin intanet, wata yarinya mai sanyin murya ta ce ya kashe ya kunna.

"'Yata, ni da nake kashewa kullum tun kafin a ɗauke ki aiki? Ba ni babbanku!"

Ta kashe wayar.

Ranar Juma'a Dogo, ɗaya daga cikin 'yan ayarin, ya turo saƙon murya a zauren hirarsu na waya. Dogo ya daɗe yana jin haushin bin bayan Kawu, tun suna kan kwalta ta gaske. Ya ce shi ya kama hayar sabar a waje, mai ƙarfi, wadda ba ta tari. In ƙarfe huɗu na Asabar ta yi ta Ba-Ribas ba ta tashi ba, kowa ya taho wajensa. Ya ƙara da dariya: "Tsohuwar mota a bar ta ta huta mana."

Kawu ya saurara sau biyu. Ya jefa wayar kan katifa da ƙarfin da ta yi tsalle ta faɗo ƙasa.

"Dogo! Mutumin da na koya wa shiga kwana da kaya! Shi zai ja ni?"

Mun san a sabar Dogo, Dogo ne a gaba, kuma Kawu ba zai bi bayan kowa ba. In ayarin ya tafi, ya tafi ke nan, sai shi da bango.

Asabar ƙarfe uku da rabi ina shara a garejin, shi yana zaune gumi ya jiƙa masa singileti, ya buɗe shafin rauta yana harararsa. Na saci kallo ta bayan kafaɗarsa. Dokar da ya rubuta tana nan daidai: duk wanda ya ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi daga waje, a kai shi na'ura mai lamba ɗari. A gefe kuma ga jerin na'urorin gidan. Lamba ɗari talabijin ce. Sabar ta koma ɗari da ɗaya.

Rautar ce ke ba kowace na'ura lamba, kuma tana manta lambobin duk sanda aka kashe ta, da safe ta raba sababbi, wanda ya fara tashi shi ke karɓar ta farko. Shekara biyu tsohuwar kwamfutar ce ke fara zuwa, don ba ta da abokin tsere. Talabijin kuwa kafin ta gama miƙa ya riga ta.

Na share wuri ɗaya ya fi sau goma. Sai huɗu saura kwata na iya cewa, "Kawu, lambar ce."

"Wace lamba? Na ce ki yi shara!"

Anti na bakin ƙofa da kwano a hannu. Ta dire shi da ƙarfi.

"Direba, kwana huɗu ba mu ci abinci da daɗi ba a gidan nan. Ka yi faɗa da akwati, ka yi faɗa da 'yar mutane a waya. Ka rufe baki minti ɗaya yarinyar nan ta yi magana, ko in kwashe garejin in mai da kwanukana."

Na nuna masa da yatsa, ban taɓa komai ba. Ya dubi lambar, ya ɗaga kai ya dubi talabijin, ya sake duban lambar.

"Kina nufin kwana huɗu ina tura mutane cikin talabijin?"

"Eh, Kawu."

"Kuma kina gani kika tsaya shara?"

Bai bar ni na zauna ba. Ni na riƙa faɗa, shi yana dannawa da yatsa ɗaya, yana kuskure yana zagin madannan. Muka ɗaure wa sabar lamba ɗari ta dindindin, ko an kashe ko an kunna, muka sake tayar da rauta. Na ce ya mai da fayawol, ya ce ba lokaci, na ce a buɗe gidan yake, ya yi tsaki ya mayar. Da komai ya tashi, huɗu ta wuce da minti goma sha biyu.

Ya ɗauki waya yana huci. "Hanya ta buɗe. Mai zuwa ya zo."

Muka zuba wa allon ido. Sunan Na-Baya ya fito. Can sai na wani da suke kira Makaniki. Kawu ya jira minti biyar, ya jira goma, hannunsa a kan sitiyari. Ba wanda ya ƙaru. A zauren hira wani ya turo hoton motoci tara a jere, ta Dogo a gaba.

Muryar Na-Baya ta fito ta lasifika, a hankali. "Ba-Ribas, ko mu bari sai wani satin?"

"In bari? Mutum uku ba ayari ba ne? Tayar da mota!" Ya saka giya, tirelarsa ta fita daga tasha a kan babban allon. "Makaniki, ka matso, wannan tazarar ta mece ce? Na-Baya, sigina! Shekara talatin kana tuƙi, sai na ce maka sigina?"